Zafin Bazara a Gidan Haya: Esi Ko Gyaran Rufi?

Daga tsakiyar watan Maris har zuwa saukar ruwan farko, zafin rana a Sakkwato da Maiduguri da Yamai yakan wuce digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, Kano da Damagaram ma ba su da nisa da hakan. Da yawa daga cikin mazauna waɗannan birane ba a gidajen kansu suke ba. Suna zaune ne a ɗaki ɗaya ko ciki da falo, ginin bulo mai rufin kwano, taga ɗaya ko biyu, wani lokaci ko silin babu. A kan wannan ɗaki ne ake gardamar da ke dawowa duk shekara. Wasu sun ce zafin yanzu ya wuce na dabara, duk wanda ke son iyalinsa su yi barci ya tara kuɗi ya sayi na'urar sanyaya ɗaki, wato esi, sauran zance kuwa ɓata lokaci ne. Wasu kuma sun ce da farar ƙasa da asabari da ruwa da sanin lokacin buɗe taga ana iya rage zafin har ya zama abin jurewa, ba tare da an ci bashi ba. Ina tare da ɓangare na biyu, amma da sharaɗi, domin masu cewa sai esi suna da hujjar da ba a ture ta da baki kawai.

Hujjarsu ta fi ƙarfi inda ta shafi rai. A ranar 3 ga Afrilun 2024, cikin watan azumi, garin Kayes na ƙasar Mali ya ga zafin digiri 48.5. Asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ƙidaya mutum 102 da suka rasu a kwana huɗun farko na watan, alhali a Afrilun shekarar da ta gabata gaba ɗayansa mutum 130 aka samu. Yawancin mamatan tsofaffi ne. Zafi irin wannan yana wahalar da zuciya da ƙoda, yana busar da ruwan jiki, kuma idan dare bai yi sanyi ba jiki ba ya samun damar murmurewa kafin wata ranar. Fanka ma, wadda ita ce madogarar talaka, tana da iyaka. Zafin fatar mutum bai wuce digiri 35 ba, saboda haka iskar da ta fi wannan zafi ƙara wa jiki take yi, sai dai idan gumi na bushewa da saurin da zai rinjaye ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci jama'a da kada su dogara da fanka idan zafi ya kai digiri 40. Wani gwaji da aka yi a Jami'ar Sidni ta Ostireliya, aka wallafa a 2019, ya nuna cewa a zafin digiri 47 mai busasshiyar iska fanka ƙara wa jiki wahala ta yi, kuma busasshen zafi shi ne namu. Idan mai goyon bayan esi ya ce ita kaɗai ce ke iya saukar da zafin ɗaki daga 42 zuwa 27 a kowane irin yanayi, gaskiya ya faɗa. Duniya ma can ta nufa: Hukumar Makamashi ta Duniya ta yi hasashe a 2018 cewa yawan irin waɗannan na'urori zai tashi daga biliyan 1.6 zuwa biliyan 5.6 nan da 2050.

Matsalar tana cikin lissafi. Esi ta ɗaki ɗaya tana jan wuta kusan kilowat guda, wato yunit ɗaya a kowace awa. Idan an kunna ta awa takwas kullum, yunit 240 ke nan a wata. A Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta Najeriya ta ɗaga farashin yunit ga masu rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, daga kusan naira 68 zuwa 225, daga baya ya tsaya wajen 209. A wannan farashi kuɗin esi kaɗai ya kai naira 50,000 a wata, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a shekarar shi ne 70,000. Fankar sama mai wat 70 kuwa, a awanni iri ɗaya, yunit 17 take ci, wato wajen naira 3,500. Wani zai ce ai talaka ba ya rukunin A, kuma haka ne, amma wanda ba ya rukunin A wutarsa tana da arha ne saboda ba ta zuwa, kuma an fi ɗauke ta a daidai lokacin da kowa ya kunna abin da yake da shi. Janareta mai iya ɗaukar esi yana shan man da ya ninka kuɗi tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023, ga hayaƙinsa da ke kashe iyali guda a dare ɗaya idan aka ajiye shi kusa da ɗakin kwana. A Oktoban 2024 jihohin arewa da dama sun shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta, Nijar kuma ta yi watanni ba wutar Najeriya bayan juyin mulkin Yulin 2023. Maganin da ya rataya gaba ɗaya a kan waya ɗaya zai bar mutum a ranar da ya fi bukatarsa.

Abin da masu cewa sai esi ba su cika tambaya ba shi ne ta ina zafin ke shiga. A garuruwan da ke kan layin Kano, rana tana tsayawa daidai tsakiyar kai a ƙarshen Afrilu, saboda haka rufi ne ke karɓar kaso mafi yawa. Da tsakar rana, kowace murabba'in mita tana samun kusan wat 1,000 na hasken rana. Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da 12 faɗi ya ɗan haura murabba'in mita 13, wato abin da ke sauka a kansa ya yi daidai da a jera dutsen guga na lantarki goma sha uku a kunne. Ba duka ke shiga ba, wani yana komawa sama, wani iska ta kwashe, amma tsohon kwano da ya yi tsatsa ko mai duhun launi yana shanye mafi yawansa, har zafin jikinsa ya kai digiri 65 ko fiye, sannan ya riƙa feso shi ƙasa a kan mutanen ɗakin. Rufin dekin ya fi shi haƙuri da rana, sai dai yana tara zafin ya sake shi bayan isha'i, shi ya sa mazauna hawa na ƙarshe a gidajen bene suka fi kowa wahalar dare. Bangon bulo mai inci shida da ke kallon yamma ma haka yake yi. Wanda ya sa esi a irin wannan ɗaki yana biyan kuɗin wuta ne don ya fitar da zafin da da ma ana iya tare shi a waje da kuɗi kaɗan. Abin takaici, yayin da ake ciki yanzu na rufin kwano ja da kore da baƙi ne, masu kyan gani daga titi, waɗanda suka fi fari shan rana nesa ba kusa ba.

A nan ne ake yawan kawo zancen ginin gargajiya, kuma da dalili. Soron da aka gina da tubali, aka rufe da azara da ƙasa, bangonsa mai kauri yana jinkirta zafin rana awanni da yawa, ta yadda sanyin asuba ke zama a ciki har azahar. Duk wanda ya shiga Gidan Makama a Kano ko tsohon garin Agadas ya san haka a jikinsa. Amma ba wauta ce ta raba mutane da ginin ƙasa ba. Yana son yaɓe duk shekara, mamakon ruwa yana rushe shi, giginyar da ake yin azara da ita ta yi ƙaranci, filin birni kuma ya yi tsadar da ba ya ɗaukar bango mai kauri. Ɗan haya dai ba zai rushe ɗakinsa ya gina soro ba, saboda haka yabon ginin gargajiya ba zai rage masa ko digiri ɗaya ba. Abin ɗauka daga ginin gargajiya shi ne ƙa'idarsa: a hana rana taɓa abin da ke kan mutum kai tsaye. Francis Kéré ya nuna ana iya yin haka da kwano ma. A makarantar firamare da ya gina a ƙauyensu Gando na Burkina Faso a 2001, ya ɗaga kwanon sama da silin na ƙasa, ya bar sarari a tsakani iska na ratsawa tana kwashe zafin kafin ya sauko aji.

Hanyoyin yin wannan a tsohon gida uku ne, kuma babu mai tsada a cikinsu idan aka kwatanta da esi. Na farko, a mayar da rufin fari. Sabon farin fenti yana mayar da kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na hasken rana, yayin da rufi mai duhu bai fi mayar da kashi 20 ba. Birnin Ahmedabad na Indiya, wanda zafin 2010 ya kashe wa mutum fiye da 1,300, ya fito da tsarin tunkarar zafi a 2013, sannan a 2017 ya shafa wa rufin gidajen talakawa kusan 3,000 farar ƙasa. Abin da aka saba samu a irin wannan aiki shi ne ragin digiri 2 zuwa 5 a cikin ɗaki. Mai suka zai ce digiri uku me zai yi, amma tsakanin 41 da 38 ne fanka ke komawa daga mai cutarwa zuwa mai amfani. Na biyu shi ne silin, ko da na kwali ne ko tabarma, tare da ƙananan kafofi a saman bango don iskar da ta taru tsakaninsa da kwano ta samu mafita. Silin da aka toshe ko'ina yana ɗaukar zafi shi ma ya zama rufi na biyu. Na uku shi ne inuwa a kan rufin kansa, zana ko karan dawa a shimfiɗe. Kowace daga cikinsu tana da aibi, kuma bai kamata a ɓoye ba. Ƙurar hunturu tana dusar da fari, damina tana wanke farar ƙasa, don haka aiki ne na duk shekara, wanda ya fi dacewa a yi shi a ƙarshen Fabrairu. Farar ƙasa ta dace da dekin, amma tana iya cin kwano, gara a nema masa fentin da aka yi dominsa. Zana a kan rufi kuwa tana jawo haɗarin gobara da ɓeraye, kuma dole a sauke ta kafin ruwa, in ba haka ba ta riƙe danshi ta ruɓar da kwanon. Waɗannan dalilai ne na yin aikin da kula, ban ga sun kai a fasa shi ba.

Bayan rufi sai taga da bangon yamma. Labulen cikin ɗaki yana tare haske ne bayan zafin ya riga ya ratsa gilashi, shi ya sa asabari ko buhu da aka rataya ta waje, da ɗan rata tsakaninsa da tagar, ya fi labule mai tsada aiki. Rumfar zana a jikin bangon yamma tana hana shi tara zafin la'asar da zai dawo da shi cikin dare. Bishiya ta fi duka, kuma titunan Maiduguri masu dogon yaro shaida ne, sai dai wanda ke biyan haya shekara-shekara ba lallai ya zauna har ya sha inuwarta ba. Akwai kuma batun lokaci. A watan Maris da farkon Afrilu, bambancin zafin azahar da na asuba yakan haura digiri 12 a yankinmu. Wannan sanyin dare kyauta ne, kuma hanyar kama shi ita ce a buɗe taga da ƙofa daga dare zuwa hantsi, a sa fanka a bakin taga tana jawo iskar waje, sannan a rufe idan rana ta ɗaga. Masu suka sun ce rufe taga da rana a ɗakin kwano neman hallaka ne. Suna da gaskiya idan ɗakin ba shi da silin, domin a nan ciki ya fi waje zafi, kuma dole a bar iska ta ratsa. Rufe taga yana aiki ne kawai a ɗakin da aka riga aka kare rufinsa, abin da ke sake nuna cewa rufi ne farkon aiki. Sun kuma ce buɗe ɗaki da dare yana kawo sauro da ɓarayi, kuma rashin tsaro ya riga ya raba unguwanni da yawa da al'adar kwanan tsakar gida. Wannan ma gaskiya ne, amsarsa kuma ita ce ragar sauro da ƙarfen taga, waɗanda kuɗinsu na lokaci ɗaya ne.

Ruwa ne makamin da busasshen yanayinmu ya fi ba mu dama a kansa. Lita ɗaya idan ta bushe a iska tana tafiya da zafin da ya kai kashi biyu cikin uku na yunit ɗaya, kuma da wannan ne randa ke sanyaya ruwan sha. Da shi ne Mohammed Bah Abba, malami daga Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan lambu, aikin da ya samo masa lambar yabo ta Rolex a 2000. Jiƙaƙƙen buhu a taga mai shigo da iska, yayyafi a daɓen siminti, da fanka mai ruwa wadda ke cin wat 100 zuwa 200 kawai, duk a kan wannan ƙa'ida suke, kuma suna aiki sosai a Maris da Afrilu lokacin da iska ta bushe ƙarƙaf. Daga ƙarshen Mayu, idan iskar kudu ta fara kawo danshi kafin ruwa ya zauna, amfaninsu yana raguwa, a rufaffen ɗaki ma sai su ƙara cunkushewa. A lokacin fanka zalla ta fi. Babban abin da ake sukar wannan hanya da shi shi ne cewa bazara ce lokacin da rijiyoyi ke ƙafewa, 'yan garuwa ke ƙara kuɗin jarka. Don haka wanda ruwansa kaɗan ne ya zuba shi a jikin mutum maimakon ɗaki: a jiƙa riga ko zane, a shafa ruwa a wuya da hannuwa, a tsoma ƙafa a baho, sannan a zauna gaban fanka. Kofi biyu a fata sun fi bokiti a ƙasa, musamman ga tsofaffi waɗanda jikinsu ya rage yin gumi.

Zafin da ake haifarwa cikin ɗakin ma abin dubawa ne. Tsohon ƙwan fitila mai zare yana mayar da kusan kashi 90 na wutarsa zafi, girki a ɗaki da risho ko gawayi yana barin ɗumi har dare, katifar soso kuma tana riƙe zafin jiki inda tabarma ke sakinsa.

Sukar da ta fi kowace nauyi ita ce ta mallaka. Rufin na mai gida ne, zafin kuma na ɗan haya ne. Mai gida ba ya kwana a ɗakin, saboda haka ba ya ganin dalilin kashe kuɗi. Ɗan haya kuma yana tsoron ya gyara, shekara ta zagayo a ƙara masa haya saboda gyaran da shi ya yi, ko a ba shi takardar tashi. Esi da fanka mai caji kuwa nasa ne, ranar tashi zai kwance su ya tafi da su. Wannan ne ainihin dalilin da ya sa mutane masu hankali ke zaɓar na'ura a kan fenti, kuma duk mai wa'azin dabarun arha da bai amsa shi ba bai taɓo matsalar ba. Amsata ita ce a raba aikin biyu. Asabari, rumfa, ragar taga, silin na tabarma da fanka mai ruwa duk ana iya tafiya da su. Fenti da silin na dindindin kuwa a sa su cikin cinikin haya tun kafin a biya: ɗan haya ya yi aikin a cire daga kuɗin shekara, a rubuta a gaban dillali ko mai unguwa. A gidan da ake haya da yawa ƙarƙashin rufi ɗaya, karo-karo yana sauƙaƙa kuɗin, kuma murya goma ta fi ɗaya shiga kunnen mai gida. Shi ma yana da riba, domin fenti yana kare kwanonsa daga tsatsa. Ba kowane mai gida zai yarda ba, musamman inda masu neman ɗaki suka fi ɗakunan yawa, kuma a nan ne nake ganin nauyin ya hau kan hukuma.

Duk da haka akwai inda ban yarda a yi wa mutane alkawarin da ba zai cika ba. A ranaku irin na Afrilun 2024, jariri da tsoho da mai ciwon zuciya ko ƙoda da mai juna biyu suna bukatar awanni a wuri mai sanyi na gaske, kuma farar ƙasa ba za ta ba su wannan ita kaɗai ba. Wanda ke da halin sayen esi saboda irin waɗannan bai yi almubazzaranci ba. Amma shi ma gyaran rufi ne zai sa ƙaramar na'ura ta ishe shi, har ya yiwu faifan sola ya ɗauke ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a saita ta a digiri 27 a haɗa da fanka, mutum zai ji kamar an rage digiri 4, kuɗin wuta kuma ya ragu har da kashi 70. Ga waɗanda ba su da hali, asibitocin unguwa da manyan masallatai masu sola suna iya ware wuri ɗaya mai sanyi da ruwan sha a ranakun da hukumar hasashen yanayi ta yi gargaɗi.

Hukumomin tsara birane, irin KNUPDA a Kano, su ne ke amincewa da zanen gini kafin a haƙa tushe. Suna da ikon ƙin amincewa da gidan haya da ba shi da silin, ko ɗakin kwana da ba shi da tagogi biyu a bangaye daban-daban, ko rufi mai duhun launi. Jihar Telangana ta Indiya ta fito da tsarin farin rufi a Afrilun 2023, ta wajabta shi ga gine-ginen gwamnati da na kasuwanci da manyan gidaje. A wajen sabon gini, farin kwano da ja kusan kuɗinsu ɗaya ne, taga ta biyu kuma ba ta kai kuɗin wutar esi na 'yan watanni ba. Gwamnatocin jihohi suna iya farawa da abin da ke hannunsu, wato azuzuwan firamare da ɗakunan haihuwa masu rufin kwano, a shafe su fari kafin Maris, a auna zafin ciki kafin aikin da bayansa, a bayyana wa masu gidaje da 'yan haya sakamakon.